Yadda aman wuta ke gina tsibiri a teku, da abin da ke hana yawancinsu daɗewa

"Assalamu alaikum Malam. Na ga wani bidiyo a Facebook, hayaƙi baƙi ƙirin yana tashi daga tsakiyar teku, aka ce wai sabon tsibiri ne ke fitowa. Abin ya ɗaure mini kai. Ta yaya wuta za ta ci a cikin ruwa, ruwan bai kashe ta ba? Ƙasar da ta taru ta zama tsibirin daga ina ta fito? Yawo yake yi a saman ruwa ko yana da gindi? Kuma irin wannan zai iya faruwa a tekun Legas ko a Tafkin Chadi? Allah Ya ƙara wa Malam basira."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, amin summa amin. In na fahimce ka, abin da ya tsaya maka a rai shi ne yadda wuta da ruwa suka zauna wuri ɗaya, har ƙasa ta ɓullo inda da babu komai sai ruwa. Sauran tambayoyin duk a jikin wannan suke rataye. Ni koyar da ilimin duwatsu ne aikina, kuma tsofaffin duwatsun aman wuta na kan tudu, irin na Biyu da na Filato, su ne na taka da ƙafata na fasa da guduma. Na ƙasan teku kuwa ta hanyar awon masu binciken teku na san su, da gutsattsarin duwatsun da suke ɗebowa daga can. A kan wannan zan ɗora amsar.

Tun da wuri bari in nuna maka inda maganar ta dosa. Ɓullowar sabon tsibiri ba baƙon abu ba ne, da wuya a yi 'yan shekaru ba a ji labarin wani ba. Inda gizo ke saƙar shi ne tsibirin ya zauna. Yawancinsu teku ke lashe su cikin watanni, kuma abin da ke raba mai zama da mai tafiya ƙaramin abu ne da za ka iya ganewa da idonka ko a bidiyo.

Abin da ke fitowa ba wutar murhu ba ce

Wutar da muka sani makamashi take ci, itace ko gawayi ko kalanzir, kuma sai da iska take rayuwa. In ka kwara mata ruwa ka raba ta da iska, ka sanyaya makamashin, shi ke nan ta mutu. Abin da dutse mai aman wuta ke fitarwa ba ya cin komai. Dutse ne da kansa ya narke ya koma ruwa-ruwa, zafinsa yana kai digiri 1,100 zuwa 1,200 a ma'aunin Salshiyos, jan da kake gani kuma tsabar zafi ne. Saboda haka babu abin da ruwan teku zai kashe. Iyakarsa ya sanyaya fatar waje. Fatar kuwa da ta daskare sai ta zama kariya ga na ciki, domin dutse ba ya saurin sakin zafi, na cikin ya ci gaba da turowa yana fasa ta yana fita. A 1973 mutanen tsibirin Heimaey a ƙasar Aislan sun shafe watanni suna feshin ruwan teku da manyan injina a kan narkakken dutsen da ya doshi tashar jiragen kamun kifinsu. Sun rage masa gudu, tashar ta tsira, amma bakin da ke aman bai rufe ba sai da ya ga dama.

To daga ina ake turo shi? Mutane da yawa, har da ɗaliban da ke zuwa mini a shekararsu ta farko, suna ɗauka wani kogin narkakken dutse ne ya kewaye duniya, mu kuma muna zaune a kan ɓawonsa. Ba haka ba ne. Abin da ke ƙasan ɓawon, har zurfin kilomita 2,900, dutse ne daskararre duk da tsananin zafinsa. Nauyin abin da ke kansa ne ya danne shi ya hana shi narkewa. Sai a wasu keɓaɓɓun wurare yake samun sarari, kuma ko a can ɗan kaso ne ke narkewa ya tsattsafo sama.

Ɓawon duniya a tsattsage yake, manyan fallaye ne masu motsi santimita kaɗan a shekara. Inda biyu ke rabuwa, dutsen ƙasa mai zafi yakan taso ya cike gurbin, da ya taso nauyin da ke kansa ya ragu, sai ya soma narkewa ba tare da an ƙara masa zafi ko kaɗan ba. Irin wannan tsaga ta ratsa ƙasan tekunan duniya tsawon kusan kilomita 65,000, kuma a nan ne mafi yawan aman wutar duniya ke faruwa ba mai gani. Aislan a kanta take zaune. Bahar Maliya ma tsaga ce tsakanin Afirka da yankin Larabawa, shi ya sa a Disambar 2011 masunta suka ga wuta na tashi daga ruwa a rukunin tsibiran Zubair na ƙasar Yaman, sabon tsibiri ya fito, a 2013 wani ya sake fitowa kusa da shi.

Inda falle ɗaya ke nutsewa ƙarƙashin ɗan'uwansa kuwa labarin daban ne, kuma shi ya fi dacewa da tambayarka. Fallen ƙasan teku ya yi shekaru miliyoyi a jiƙe, ruwa ya shige har cikin ƙwayoyin ma'adinansa. In ya nutse ya kai zurfin kamar kilomita 100, zafi da matsi sukan tatse ruwan, ruwan ya haura cikin dutsen da ke samansa, ya sa shi narkewa a zafin da bai isa ya narkar da busasshen dutse ba. Ka ga ruwan da kake tsammanin zai kashe wutar, a nan shi ne ma ya haddasa ta. Haka aka samu jerin tsibiran Japan da Indunusiya da Tonga ta kudancin tekun Fasifik. Narkakken dutsen irin waɗannan wurare ya fi kauri, ya fi ƙunsar gas, shi ya sa amansa ya fi zuwa da fashewa.

Akwai hanya ta uku da ba ruwanta da bakin falle, ita ce ta Hawai. Zan zo kanta.

Ginin da ake yi a ɓoye

Matsakaicin zurfin teku ya kai kusan mita 3,700. Duk mita 10 da ka nutsa, ruwa yana ƙara maka nauyi daidai da na iskar da ke kanmu a nan waje, wato a zurfin mita 3,000 nauyin ya ninka sau 300. A ƙarƙashin irin wannan danniya ruwa ba ya iya tashi ya zama tururi farat ɗaya, gas ɗin da ke cikin narkakken dutsen ma ba ya samun wurin kumbura. Sai aman ya zama salin-alin. Dutsen ya kunno kai ja wur, cikin daƙiƙoƙi fatarsa ta yi baƙi tana ƙyalli, ya kumbura ya zama curi, curin ya tsage ta gefe, wani ya tsiro daga tsagar. Curi kan curi, malala kan malala, a yi shekara dubu ɗaruruwa ana haka, matuƙin jirgin da ke wucewa ta sama bai san ana yi ba.

Dutsen Mauna Kea na Hawai mita 4,207 ne daga saman ruwa, amma in aka auna shi daga gindinsa a ƙasan teku ya haura mita 10,000, ya ɗara Everest mai mita 8,849. Kudu maso gabas da shi akwai wani da ake kira Kama'ehuakanaloa, yana nan yana tasowa, saura kusan mita 975 kansa ya taɓa iska. Masana suna ƙiyasta masa shekara 10,000 zuwa 100,000 kafin ya leƙo.

Wannan ya amsa tambayarka ta gindi. Tsibirin da ka gani ƙoƙon kan wani ƙaton dutse ne da ke tsaye daram a ƙasan teku, kayan gininsa kuma daga cikin duniya suka fito, ba igiyar ruwa ce ta kwaso su daga wani gari ba. Akwai dai abin da ke yawo a saman ruwa har ya ruɗi mutane, shi ne dutsen nan mara nauyi mai huji-huji da ake goge kaushi da shi. Kumfar narkakken dutse ce ta daskare da gas a cikinta. A 2019 an ga shimfiɗarsa a kusa da Tonga, faɗinta ya kai murabba'in kilomita 150, a 2021 kuma wata ta toshe tashoshin masunta a Okinawa ta Japan. A hoto sai ka rantse ƙasa ce, amma duk wanda ya taka zai nutse.

Surtsey, wanda aka gani tun daga ranar haihuwarsa

Komai yana canzawa in kan dutsen ya matso kusa da saman ruwa. Danniya ta ragu, ruwan da ya taɓa narkakken dutse yana zama tururi nan take, tururi kuwa yana neman wuri ninkin ruwan da ya haife shi kusan sau 1,700. Sai fashewa. Narkakken dutsen ya tarwatse ya zama toka da tsakuwa, ruwa ya sake kwarara cikin bakin, a sake fashewa, haka ba dare ba rana. Baƙin hayaƙin da ka gani a bidiyo wannan tokar ce jiƙaƙƙiya, farin kuma tururi ne.

Babu inda aka bi wannan daki-daki kamar Surtsey, kudu da gaɓar Aislan da kusan kilomita 32. Da asubahin 14 ga Nuwamba 1963, mai dafa abinci a wani jirgin kamun kifi mai suna Ísleifur II ya hango baƙin hayaƙi. Kyaftin ɗin ya zaci wani jirgi ne ya kama da wuta, ya juya don kai ɗauki, sai suka tarar teku ne ke aman toka. Zurfin wurin mita 130 ne kacal, saboda haka aikin ɓoyen bai ɗauki lokaci ba. Washegari tsibiri ya fito. Kafin ƙarshen Janairun 1964 tsayinsa ya kai mita 174.

Amma duk tsayin nan tsibin toka ne da tsakuwa, babu abin da ya riƙe wani. Tekun arewacin Atlantika kuma a lokacin hunturu ba ya wasa, kullum yana zaftare gefe, aman yana mayarwa. Da aman ya tsaya a wannan matakin, da yau babu mai tuna sunan Surtsey. Abin da ya cece shi ya faru ne ranar 4 ga Afrilun 1964. Tokar ta taru ta kewaye bakin da ke aman har ruwan teku ya kasa shiga. Da ruwa ya daina shiga, fashewa ta tsaya, narkakken dutse ya soma malala ja wur yana gangarowa, yana lulluɓe tokar, yana daskarewa ya zama baƙin dutse mai tauri har cikin ruwa. Duk wanda ya taɓa barin katangar ƙasa babu yaɓe ta shiga damina ya san bambancin: wadda aka yi wa shafen siminti tana nan, ta kusa da ita kuwa kafin kaka ta zama tudun laka. Aman bai tsaya ba sai 5 ga Yunin 1967, lokacin faɗin tsibirin ya kai murabba'in kilomita 2.7.

Abin da ya sa nake son wannan misali a aji shi ne gwajin ya zo da abin kwatantawa a gefensa. A 1965 wani tsibiri, Syrtlingur, ya fito dab da Surtsey, ya kai tsayin mita 70, kafin ƙarshen Oktoban shekarar babu shi babu alamarsa. A Disamba wani ya fito, Jólnir, shi ma ya kai mita 70, amansa ya tsaya a Agustan 1966, a Oktoba ruwa ya share shi. Wuri ɗaya, narkakken dutse iri ɗaya, teku ɗaya. Bambancin kawai su biyun ba su samu sun toshe wa ruwa hanya ba, ba su samu shafen ba.

Akwai kariya ta biyu da ke zuwa daga baya a hankali. Ruwan zafi da tururi da ke ratsa tokar daga ciki suna sauya ta, ƙwayoyinta su manne da juna ta zama dutse. A Surtsey an fara ganin haka a 1969, kuma wannan ƙwaryar ce ake sa ran za ta fi daɗewa, don yanzu teku ya riga ya cinye kusan rabin tsibirin, har da wani sashe na baƙin dutsen.

Sau da yawa nakan tuna Surtsey in na kai ɗalibai yankin Biyu. Akwai tuddan da aka gina da jar tsakuwa mai huji-huji, in kana hawa ƙafarka tana zamewa, ka damƙo ta ka murza ta ruguje a tafin hannunka. Ka gangaro ƙasa kaɗan ka sami shimfiɗar baƙin dutsen da ya malala, ka ɗora masa guduma ta yi ƙara ta dawo maka, da ƙyar ka ɓantari ɗan yanki. Dukansu daga ciki ɗaya suka fito. Nakan ce wa ɗaliban su ɗauki ɗaya a kowane hannu, sannan su faɗa mini wanne zai jure dukan igiyar ruwa na shekara guda. Ba a taɓa yin gardama a kai ba.

Game da rayuwa a kan sabon tsibiri, tana zuwa da sauri fiye da yadda ake zato. Tun 1965 aka ga tsiron farko a Surtsey, ruwa ne ya kawo irinsa. A 1970 tsuntsayen teku suka fara sheƙa, amma sai da suka yi dandazo a tsakiyar shekarun 1980 kashinsu ya zama taki, sannan wurin ya yi kore. Gwamnati ta hana kowa shiga sai masu bincike, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2008. A 1969 an taɓa samun tumatir ya tsiro a can, aka bincika aka gano wani ne ya zaga bayan dutse ya bar irin. Tuge shi aka yi.

Waɗanda ba su yi sa'a ba

A Yulin 1831 wani tsibiri ya fito a Bahar Rum, tsakanin Sisili da Tunisiya, ya kai tsayin mita 60 da 'yan kai. Turawan Ingila suka kafa tuta suka sa masa suna Graham. Sarkin Sisili, Ferdinand na Biyu, ya ce nasa ne, aka kira shi Ferdinandea. Faransawa ma suka zo suka ce Julia. Ana cikin wannan ja-in-ja, kafin farkon 1832 teku ya raba gardama. Yana nan har yau a ƙarƙashin ruwa, tsakanin kansa da iska bai kai mita 10 ba.

Wani kuma ba teku ke cin sa ba, uwar da ta haife shi ce. A ƙarshen 2014 zuwa farkon 2015 aman wuta a Tonga ya gina sabuwar ƙasa ta haɗe tsibirai biyu, Hunga Tonga da Hunga Ha'apai. An yi zaton watanni kaɗan zai yi, sai ga shi ya shekara bakwai, har ciyawa ta fito tsuntsaye suka zauna. Ranar 15 ga Janairun 2022 dutsen ya fashe, toka da tururi suka tashi sama kilomita 57, igiyar tsunami ta ratsa tekun Fasifik, wayar intanet ta ƙarƙashin ruwa ta tsinke, Tonga ta shafe makonni a yanke da duniya. Da ƙura ta lafa, 'yan ɓaraguzai biyu ne suka rage. Haka Anak Krakatau na Indunusiya, wanda ya soma fitowa a 1927 a gurbin dutsen da ya fashe a 1883 ya kashe mutum fiye da 36,000. A Disambar 2018 gefensa ya zame cikin teku, tsayinsa ya faɗo daga mita 338 zuwa kusan 110, tsunamin da ya biyo baya ya kashe mutum sama da 400.

Saboda haka in ka sake ganin irin wannan bidiyo, duba launin abin da ke fitowa. In baƙar toka ce ke tsartuwa sama tare da farin tururi, har yanzu ruwa na shiga bakin, kada ka yi saurin sa wa jaririn suna. In kuwa ka ga jan dutse na malala a hankali yana gangarawa cikin teku, to ya fara samun gindin zama. Nishinoshima na Japan, kimanin kilomita 1,000 kudu da Tokyo, haka ya yi a Nuwamban 2013: bai daɗe yana toka ba ya koma malala, ya haɗiye tsohon tsibirin da ke gefensa, faɗin wurin ya ninka fiye da sau 10. Wannan alama ce mai ƙarfi, amma ba alƙawari ba ce. Babu masanin da zai iya faɗa maka ranar da aman zai tsaya, alhali a kanta komai ya dogara.

Tsufan tsibiri

Yanzu sai Hawai. A tsakiyar fallen Fasifik take, nesa da kowace tsaga, amma tsibiranta a jere suke, kuma duk wanda ya fi nisa zuwa arewa maso yamma ya fi tsufa. Babban tsibirin da ke aman wuta yanzu bai kai shekara miliyan ɗaya ba, Kauai kuwa ya kai miliyan 5. A 1963 wani masani ɗan Kanada, Tuzo Wilson, ya kawo bayanin da har yau ake koyarwa: akwai wani wuri mai tsananin zafi a can ƙasa da ba ya gusawa sosai, fallen ne ke wucewa ta kansa, santimita 7 zuwa 10 a shekara. Ya gina dutse, fallen ya ja dutsen gaba ya raba shi da tushensa, ya soma gina wani. Jerin ya miƙe kusan kilomita 6,000, yawancinsa a nutse.

A nutse, domin tsibirin da aka raba da tushensa ƙasa yake yi. Nauyinsa yana lanƙwasa fallen, fallen ma yana daɗa sanyi yana daɗa zama, ruwan sama da igiyar ruwa suna ci ta sama. A teku mai ɗumi murjani yakan kewaye shi, dutsen yana sauka murjanin yana tasowa neman haske, har dutsen ya ɓace a bar zoben murjani da tafki a tsakiya. Charles Darwin ne ya faɗi haka a 1842, amma hujja ba ta samu ba sai 1952, da aka haƙa rijiya a zoben Enewetak da ke tekun Fasifik aka ratsa murjani fiye da mita 1,200 sannan aka taɓa baƙin dutsen aman wuta.

Tekun Legas da Tafkin Chadi

Kwantar da hankalinka game da Legas. Gaɓar tekunmu ba a bakin falle take ba. Tsagar Atlantika tana can tsakiyar teku, dubban kilomitoci daga gare mu, babu kuma fallen da ke nutsewa ƙarƙashin Afirka ta Yamma. Tsibiran Legas na yashi ne da laka da ruwa ya tara, wasu wuraren kuma mutane ne suka cike da yashi, kamar Eko Atlantic. Na Tafkin Chadi yawancinsu tsofaffin tuddan rairayi ne da ruwa ya kewaye, shi ya sa suke fitowa suna ɓacewa gwargwadon cikar tafkin. Ba ruwansu da aman wuta.

Amma ba sai ka je Hawai za ka ga tsibirin da aman wuta ya gina ba. Kimanin kilomita 100 daga gaɓar kudancin Najeriya akwai Bioko na Ikwatoriyal Gini, wanda da ake kira Fernando Po, inda garin Malabo yake. Dutsensa mafi tsayi mita 3,011 ne. In ka ɗora magwaji a taswira daga can ka ja layi zuwa kudu maso yamma, za ka bi ta kan Principe da Sao Tome da Annobon, dukansu na aman wuta. In ka ja zuwa arewa maso gabas sai ka hau tudu: Dutsen Kamaru mai mita 4,040, Tafkin Nyos inda gas ya fita a Agustan 1986 ya kashe mutum fiye da 1,700, tuddan Adamawa, har reshensa ya kai Biyu a jihar Borno, inda Tafkin Tila ke zaune a cikin bakin wani tsohon dutse mai aman wuta. Duwatsun da nake kai ɗalibai su fasa 'yan uwan na tsibiran can ne.

A nan ilimin yake da iyaka. Da layin nan irin na Hawai ne, da shekarun duwatsun sun jeru daga wannan kai zuwa wancan. Ba su jeru ba. Tsofaffin duwatsun Principe sun kai shekara miliyan 31, na Sao Tome kusan miliyan 13, amma wanda ya fi yawan aman wuta a cikinsu, Dutsen Kamaru, a tsakiyar layin yake. Har yau masana ba su haɗu a kan bayani ɗaya ba. Ni na fi karkata ga masu ganin tsofaffin tsagogin da suka samu tun lokacin rabuwar Afirka da Amurka ta Kudu suna da hannu a ciki, sai dai wannan ra'ayi ne, akwai waɗanda suka fi ni sani da ke ganin akasin haka. Ga shi kuma abin da aka auna da kyau na ƙasan tekunan duniya bai wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba, na'urorin sa ido a ƙarƙashin ruwa kuma ba su da yawa, shi ya sa sau da yawa masunta ko tauraron ɗan'adam ke fara kawo labari.

In har za a ga sabuwar ƙasa ta aman wuta a yankinmu, a kan wannan layin za a gan ta, kuma mafi kusa shi ne Dutsen Kamaru ya tura narkakken dutse cikin teku ya ƙara wa gaɓa faɗi. A 1999 saura ƙiris a yi haka: malalar ta gangaro ta yanke titin da ya tashi daga Limbe zuwa Idenau, ta tsaya dab da ruwa.